Guzurin Jandarma

Ku yi haƙuri da rubutuna. A lekol, wato makaranta, Faransanci ake koya mana, Hausa kuwa a baki na fi iya ta. In kun ga kuskure ku tsallake shi kawai, don Allah kar ku yi mini dariya. Ga labarin.

A unguwar Zongo ta Kwatano, a ƙasar Benin, akwai wata yarinya sunanta Ruwaida. Babanta, Malam Abdoulaye, direba ne. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya da yake ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya.

Suna da kare, sunansa Jandarma. Ba ya shiga cikin gida. A bakin ƙofa yake kwana, kan wani tsohon buhu, yana gadin motar Baba. Da can ko ɓera bai isa ya wuce ta wurin ba. Yanzu ya tsufa, haƙoransa sun zube. In ya ga baƙo sai ya yi haushi ɗaya, ya koma ya kwanta.

Ruwaida ce mai ba shi abinci. In ta dawo daga lekol, tun daga kan kwana yake jin tafiyarta, ya fara kaɗa wutsiya.

Duk damina ruwa yana shiga gidansu. Su kwashe, ya dawo. Su ɗaga katifu, ya bi su. Da Baba ya gaji, sai ya nemo musu wani gida a unguwar Godomey.

Ranar tashi ta zo. Tun da safe ake ɗaure kaya, ana ɗagawa, ana saukewa. Baba ya je ya dawo, ya je ya dawo, har rigarsa ta manne a bayansa. Mama da ƙananan yara sun riga sun tafi. Bayan azahar, saura Kaka Sahadatou, mahaifiyar Baba, da Ruwaida, da ragowar kaya.

Da Jandarma.

Ruwaida ta ce, "Baba, a ina Jandarma zai zauna?"

Baba ya share gumi. Ya ce, "A inda yake zaune yanzu. Kassoum mai faci ya ce zai dinga jefa masa ƙashi."

"Kassoum da ke jifansa da dutse?"

"Ruwaida, na gaji."

"Baba, don Allah. Ba shi da kowa sai mu. In ya tashi gobe ya ga ba mota, ba mu, ina zai je?"

Baba ya dubi karen. Karen ya dube shi. Baba ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "To. Amma ki ji ni da kyau. Bai taɓa shiga mota ba. Kar ki ba shi abinci, ruwa kawai, shi ma kaɗan. Kuma ki zaga da shi bayan layi, ya yi abin da zai yi kafin mu tashi. In ya ɗaga mini hankali a hanya, a inda muke nan zan buɗe masa ƙofa. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Wancan buhun kuma ki yar da shi. Wari yake."

Baba ya tafi shan mai. Ruwaida ta ɗauki buhun. Ta kai shi bakin bola, ta tsaya. Sai ta naɗe shi, ta ɓoye a ƙarƙashin zaninta.

A cikin gida an kwashe komai, amma Kaka ta hana a taɓa tukunya ɗaya. Kaka tana da al'ada, duk Zongo an san ta da ita. Ba mai fita tafiya daga gidanta da ciki wayam. Ko kasuwar Dantokpa za ka je, sai ka ci. Masu ɗaukar kayan da aka kira ma duk sai da ta ɗura musu atasi, wato shinkafa da wake da mai da yaji.

Ta miƙa wa Ruwaida kwano. "Zo nan, uwar karnuka. Ci."

"Kaka, na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Ke kin san lokacin da za a isa? Matafiyi ba ya fita da yunwa. Ba dai a gidana ba."

Ruwaida ta ci loma kaɗan. Gajiya ta hana ta haɗiya. Kaka ta tafi yin alwala.

Ruwaida ta fito da kwanon bakin ƙofa. Jandarma ya ɗaga kai. Ya dubi kwanon, ya dube ta. Tun safe ba wanda ya tuna da shi.

Ta ce a ranta, ai shi ma matafiyi ne. Kowa ya ci, shi kaɗai zai fita da yunwa? Baba ya gaji ne, shi ya sa ya faɗi haka.

Ta juye masa kwanon. Ya lashe tas. Ta koma ta kankaro ƙanzon tukunya, ta haɗa da kawunan kifi, ta ƙara masa. Wannan ma ya cinye. Cikinsa ya yi tim.

Saura zagawa da shi. Ta dubi rana, ta dubi ƙafafunta. Ta ce bari ta ɗan zauna tukuna. Ta jingina da ƙunshin kaya. Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba, sai ƙahon motar Baba ta ji.

Baba ya ce, "Kin yi abin da na ce?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Eh."

Aka loda kaya. Bayan motar ya cika. Wuri ɗaya ya rage, a kan wani faffaɗan faranti da aka kife bisa ƙunshin Kaka. Nan aka ɗora Jandarma. Ruwaida ta ɗaura igiyar wuyansa a jikin kujera. Ita kuma ta matse a kujerar baya, tsakanin kwalin tukwane da bido, wato jarkar ruwa.

Kaka ta shiga gaba tana tattare mayafinta. Ta ce, "Abdoulaye, yau ni ce a mota ɗaya da kare? Kar yawunsa ya taɓa ni, ina da alwala."

Baba ya ce, "Ku yi haƙuri, Iya. Ba nisa."

Suka tashi.

Ba nisa, amma hanya a cike take. Masu zem, wato 'yan acaɓa, da rigunansu ruwan ɗorawa suna shiga ta hagu, suna fita ta dama. Wani ya yanko gaban Baba. Baba ya taka birki. Jandarma ya sulale a kan farantin, ya bugi kujera. Baba ya ja mota, ya sulale baya. Igiya ta shaƙe masa wuya, ya yi tari.

Ya yi ta neman inda zai kafa ƙafa. Babu. Faranti sai santsi.

Kaka ta ce, "Hayaƙin baburan nan zai kashe ni," ta rufe gilashinta. Jandarma ya miƙa hanci wajen tagar baya. Ruwaida ta ji tsoro kar ya faɗa waje, ita ma ta rufe nata.

Mota ta ɗauki zafi.

Jandarma ya fara haki. Harshensa ya fito. Yawu na zuba. Yana ta lasar baki, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro. Ruwaida ta ga duk wannan. Ta so ta ce, Baba mu tsaya. Amma in ta faɗa, zai tambaye ta dalili. Sai ta fasa.

Ta raɗa wa Jandarma, "Yi haƙuri. Saura kaɗan."

Kusa da gadar Godomey suka tarar da cunkoso. A matsa kaɗan, a tsaya. A matsa kaɗan, a tsaya. Kaka tana gyangyaɗi da carbi a hannu. Baba ya ɗora goshi a kan sitiyari.

Sai Jandarma ya miƙe. Cikinsa ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa. Faranti ya zame gefe. Duk abin da ya ci ya dawo, a kan ƙunshin Kaka.

Wari ya cika motar.

Kaka ta farka. "Innalillahi! Mene ne wannan?"

Baba ya waiga. Ya daɗe yana kallo. Ga shinkafa, ga wake, ga ƙayar kifi.

Ya ce, "Wannan ba atasin Iya ba ne?"

Ruwaida ta kau da kai.

Kaka ta ce, "A kan wane ƙunshi ya yi?"

Ruwaida ta ce a hankali, "Mai ruwan ganye."

"Dardumata! Da farin mayafina na Juma'a!"

Da ƙyar Baba ya samu ya fita daga layi. Ya tsaya gefen titi, kusa da wata mai sayar da abarba. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi wa Ruwaida sauƙi. Ya zagaya, ya buɗe bayan mota, ya kwance igiyar. Jandarma ya diro. Ya ja jiki ya shige ƙarƙashin wani kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke ajiye a wurin.

Baba ya ɗauko ƙunshin da yatsu, ya ɗaure shi a saman mota. Ya ce, "Shiga mu tafi."

"Baba, Jandarma fa?"

"Na faɗa miki tun a gida."

Ruwaida ta dubi titin. Motoci, babura, hayaƙi. Ba unguwarsu ba ce. Ba wanda ya san sunansa a nan. Tsohon kare marar haƙori, ko tsallaka titin nan ba zai iya ba.

Ta fashe da kuka. "Baba, ba laifinsa ba ne. Ni ce. Ni na ba shi abinci. Na ba shi nawa, na ƙara masa ƙanzo da kan kifi. Kuma ban zaga da shi ba, barci na yi. Da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka."

Baba ya ce, "Me ya sa?"

"Kaka ta ce matafiyi ba ya fita da yunwa."

Kaka ta leƙo ta taga, hannunta a hanci. "Ji 'yar nema! Ni na ce ki ɗura wa kare tukunya?"

Baba ya jingina da mota. Idonsa ya yi ja don gajiya. Ya ce, "Ruwaida, tun asuba nake kan ƙafata. Uwarki tana can da yara a gidan da ko labule babu. Ba zan iya da kare marar lafiya ba. Shiga."

Ruwaida ta kama hannun ƙofa. Ta kasa buɗewa. Ta kasa saki.

Sai ga ƙofar gaba ta buɗe. Kaka ta sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaida mai abarba, ta zauna a kan bencinta.

Ta ce, "Abdoulaye."

"Na'am, Iya."

"Da muka fito daga Zongo, tare muka fito da wancan ƙazamin?"

"Tare, Iya."

"To tare za mu isa. Ni ban taɓa barin abokin tafiya a hanya ba. Ba zan fara da tsufana ba."

"Iya, ku ne fa kuka ce..."

"Na ce kar ya taɓa ni. Ban ce a zubar da shi ba. Shekara nawa yana kwana a waje kana barci a ɗaki? Ni dai ga ni nan zaune. In za ka tafi, sai ka bar mu mu biyu."

Mai abarba ba ta jin Hausa, amma ta yi dariya. Baba ma sai da bakinsa ya motsa.

Ya ce, "To, Ruwaida. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Fito da shi."

Ruwaida ta durƙusa gefen kamiyo. "Jandarma. Zo. Zo mana." Ya dube ta daga cikin duhu, bai motsa ba. Ta ja igiya, ya noƙe. Ya ga motar, ba ya son ya sake ganinta.

Sai ta tuna. Ta koma kujerarta, ta zaro buhun nan daga inda ta cusa shi. Ta shimfiɗa shi a inuwa.

Baba ya ce, "Ba shi na ce ki yar ba?"

"Shi ne, Baba."

Jandarma ya ɗaga hanci. Ya shinshina. Ya jawo jiki a hankali, ya fito, ya kwanta a kan buhunsa. Ya sauke numfashi.

Baba ya ce, "To, wannan kam gara da ba ki yar ba."

Ya tsuguna kusa da ita. Muryarsa ta sauka. "Kin ga, ba mugunta ce ta sa na hana shi abinci ba. Na sha ɗaukar dabbobi a motar nan. Mota tana juya musu ciki. In ciki a cike yake, dole ya dawo. Yunwar rabin yini ba ta kashe kare. Wannan wahalar ta fi yunwa."

"Na ga yana zubar da yawu. Na ji tsoron in faɗa."

"Da kin faɗa, da mun tsaya ya sha iska. Shi ba shi da baki. Ke ce bakinsa."

Ya sa ta zuba ruwa kaɗan a murfin bido. Jandarma ya lasa. Suka bar shi ya huta. Sannan Ruwaida ta zaga da shi bayan rumfuna, a hankali, har ya yi abin da zai yi. Ƙafafunta na ciwo, amma wannan karon ba ta zauna ba.

Da ta dawo, ta tarar Baba ya fito da tukwane daga babban kwalin. Ya ce, "Ni ma na yi kuskure. Ba a ɗora dabba a kan abu mai santsi. Gajiya ce ta rufe mini ido."

Ya ajiye kwalin a ƙasan bayan mota. Ya tokare shi da katifa ta nan, da buhun masara ta can. Ya girgiza shi, bai motsa ba. Ruwaida ta shimfiɗa buhun Jandarma a ciki.

Baba ya ce, "Igiya ba a wuya ba. In na taka birki za ta shaƙe shi. Kawo ɗankwalinki na cikin jaka."

Ya zagaya ɗankwalin a ƙirjin karen, ta bayan ƙafafun gaba, ya ɗaure igiyar a nan. Ya bar ta gajera, yadda zai iya kwanciya ya juya, amma ba zai iya tsalle ba. Ya sauke gilashi kaɗan, yadda iska za ta shiga amma kansa ba zai fita ba.

Ruwaida ta ce, "Tukwanen fa?"

Suka dubi Kaka.

Kaka ta ce, "Ni? Kare a kwali kamar sabon rediyo, ni da tukwane a cinya?"

Amma ta karɓa. Ta sauke gilashinta ma da kanta.

Suka koma hanya. Baba yana tafiya a hankali. Yana taka birki tun daga nesa. Masu zem suna ta masa ƙaho, bai kula ba. Ruwaida ta juya baya tana yi wa Jandarma hira. Ta ba shi labarin sabon gida. Ta ce an ce ruwa ba ya shiga, an ce akwai bishiyar mangwaro a ƙofa. Jandarma ya ɗora haɓa a bakin kwali. Iska na kaɗa kunnensa. Kafin su bar babban titi, ya yi barci.

Mama ta tarbe su a ƙofa. "Ina kuka tsaya? Kuma warin me nake ji?"

Kaka ta ce, "Tambayi 'yarki. Guzuri ta yi wa wani baƙo."

Ruwaida ba ta huta ba. Ta ja ruwa a rijiya. Ta wanke darduma. Ta wanke mayafi. Ta wanke faranti da ƙasa da ruwa, yadda Kaka ta nuna mata. Kaka tana zaune a kan kujera tana cewa, "Sake. Ban yarda ba. Sake." Ruwaida ta goge bayan mota har hannuwanta suka yi sanyi. Ba ta yi ƙorafi ba.

Da ta shanya na ƙarshe, ta je wajen Baba. "Baba, ka yafe mini ƙaryar da na yi."

Ya dafa kanta. "Na yafe. Kar ki sake."

A bakin sabuwar ƙofa, ƙarƙashin mangwaro, Jandarma yana kwance a kan buhunsa kusa da mota. Wani maƙwabci ya zo yi musu barka da zuwa. Jandarma ya ɗaga kai, ya yi haushi ɗaya, ya koma ya kwanta.

Baba ya yi dariya. "Ya kama aiki."

Kaka ta kira Ruwaida. Ta miƙo mata ɗan ƙaramin kwano da tuwo kaɗan a ciki. Ta ce, "Ungo, uwar karnuka. Yanzu kam ki ba shi. Baƙo ya sauka."

Daga ranar Ruwaida ta gane cewa tausayi kaɗai bai isa ba, sai ka san abin da zai amfani wanda kake tausaya wa. In babba ya hana ka abu kuma ba ka gane dalili ba, ka tambaya, kar ka yi a ɓoye. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin wani ya sha wahalarsa.

Shi ke nan labarin. Da na so in sake dubawa in gyara wuraren da... Na'am, Mama! Ga ni nan, bari in...